Baƙar Igiya a Shingen Ishbel

A bakin hanyar da ta tashi daga ƙauyen Ardcalla, ta ratsa kurmi ta faɗa bakin teku, akwai wani koren allo da aka rubuta wa cewa hanyar mai sauƙi ce, yaro da tsoho kowa na iya bi. Baƙi ba su cika yarda da allo ba. Sukan tsaya a gabansa da sababbin takalma da sanduna bibbiyu, su dubi sama su ga hadari, su dubi ƙasa su ga laka, sai su shiga waige-waigen wanda za su tambaya. Shekara da shekaru, wadda suke samu ita ce Ishbel 'yar Sorley, a durƙushe tana ƙwaƙule wata magudanar ruwa. In suka ce, "Sannu da aiki, Iya, da gaske hanyar nan ba wuya?" ko ɗaga kai ba ta yi.

"Matattu ma sun bi ta," in ji ta, "ba mu ji wanda ya yi ƙorafi ba."

Wasu su yi dariya su wuce, wasu su koma mota su ɗaga gilashi. Ita duk ɗaya ne a wurinta, don ba wasa take yi ba.

An haifi Ishbel a gida na ƙarshe kafin filin kiwo, a gaɓar yammacin Scotland, inda ba a tambayar ko za a yi ruwa, sai dai a tambayi wane iri. Ubanta Sorley masunci ne rabin shekara, manomin dankali rabin shekara, kuma ba wanda ya yi masa arziki a ciki. 'Ya'ya biyu ya haifa, Hector babba, sai ita. A kurmin nan suka girma, suna ɗebo itacen da ba ya bushewa, suna neman ɓatattun tumaki a cikin itatuwan da gansakuka ta lulluɓe tun daga saiwa har reshe. Hector ya fito dogo, ga surutu. Ishbel ta fito gajeriya, mai faɗin baya, maganarta kuma sai an matsa take fitowa, in ta fito ma ba kasafai ake jin daɗinta ba. Duk kayan da suka ɗebo ita take ɗaukowa, shi yana gaba yana ba ta labari.

Tana budurwa ubansu ya rasu. Maza suka fito da akwatinsa a kafaɗa, suka kama hanyar kurmi zuwa ɗan tsibirin da ke ƙarshenta, wanda ake takawa da ƙafa in ruwan teku ya janye, inda mutanen Ardcalla suke kwance tun kaka da kakanni. Ishbel ta san tsarin kamar kowa. Ba a ajiye akwati a ƙasa sai a wuraren hutu, inda aka tara duwatsu. A nan za a kurɓi giyar wiski, kowa ya ƙara dutse, a ci gaba. Ba a komawa baya da mamaci. Mata kuwa iyakarsu bakin ƙofa. Ta tsaya tare da sauran matan har baƙaƙen kwat suka shige cikin itatuwa, sannan aka ce ta je ta yanka burodi, ta je ta yanka.

Ta yi 'yan shekaru a Glasgow tana wanki a wani otal. Abin da ta dawo da shi daga can, ban da kaushin hannu, shi ne ra'ayin cewa mutanen birni ba su san inda ruwa yake zuwa ba bayan ya sauka. Ciwon uwarta ne ya dawo da ita, ta yi jinya har ƙarshe. Ranar jana'iza ta ɗauko rigar ruwanta ta fara sawa, wata tsohuwa ta riƙe mata hannun rigar, riƙewa kawai ta yi. Ishbel ta cire ta rataye. Ta ji haushin abin ƙwarai, haushin kuma bai bar ta ba. Uwar nan tata ita ce ta ƙarshe da aka kai tsibiri. Ba da daɗewa ba aka buɗe sabuwar maƙabarta a bakin kwalta, inda mota take kai mutum har gefen rami, mazan ƙauye kuwa, da ciwon bayansu, suka karɓi wannan ci gaba ba tare da hayaniya ba.

Da hanyar ta mutu ke nan, sai ga wasu mutane daga hukumar gandun daji da jakunkuna a baya. Suka shiga kurmin suna kwanciya rub da ciki suna leƙen gansakuka da gilashi, suka fito suka ce irinsa ya kusa ƙarewa a duniya. Mutanen Ardcalla suka dubi juna. Su a saninsu wurin ɓatan tumaki ne. Aka ce ana neman wanda zai gyara tsohuwar hanyar ya kula da ita, ba namijin da ya ga abin yi a ciki, Ishbel ta karɓa.

Mutum ya bi hanyar a yau zai ce haka Allah ya halicce ta. Ba haka ba ne. Inda ƙasa ke cinye takalmi ta shimfiɗa katako, ta buga masa ragar waya saboda santsi. Inda ruwa ke tsallaka hanya ta haƙa masa tasa hanyar ta ƙarƙashi, ta jera duwatsu. Kowace safiya takan fita da buroshi da shebur, da zarto in an yi iska, ta kankare kore, ta kwashe ganye daga magudana, ta sare abin da ya faɗo. 'Yan ƙwarin nan masu cizo da ke korar baƙi da gudu sun ci fuskarta har sun gaji sun bar ta. Duk rigar da take da ita, har ta zuwa coci, akwai filaya a aljihu. Ba ta taɓa cewa tana son aikin ba, amma in ta ga tsoho mai sanda ya kai bakin teku ya dawo wandonsa ba laka, takan wuni ba ta yi wa kowa tsawa ba.

Abin da ya dame ta daga baya ba hanyar ba ce, itatuwan ne. Duk tsofaffi ne, ba yaro ko ɗaya a ƙarƙashinsu, don duk abin da ya tsiro barewa ko tunkiya ta riga ta gani. Ita ta matsa wa hukuma lamba har aka ja shingen waya mai tsawo, ya fi mutum da ɗaga hannu, daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka raba kurmin da filin kiwo. Murdo na Kan Tudu, mai tumakin ƙauyen kuma dattijon coci, ya yi wata da watanni ba ya gaishe ta. Ajinsu ɗaya a makaranta, tun can suke faɗa, saboda haka ba wanda ya tashi hankalinsa.

Masu aikin shingen sun so su sa faffaɗar ƙofa inda hanya ta ratsa shi. Ishbel ta ce ba za a sa ba. "Baƙo ba ya rufe ƙofa," in ji ta. "Ko ka rubuta masa a goshi." Ta sa aka yi irin ƙaramar ƙofar nan mai lungu, wadda kake turawa ka shiga lungun, ka mayar da ita, sannan ka fita ta ɗaya gefen. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma ba yadda za a yi a bar ta a buɗe. Tunkiya ta tsaya ta yi ta kallonta har ta gaji. A cikin 'yan shekaru ƙasan kurmin ya cika da 'yan itatuwa, wasu iya idon sawu, wasu iya gwiwa, wasu sun kai ƙugu. Hector yana ce musu "'ya'yan Ishbel", ita kuma tana ce masa ya rufe baki.

Shi Hector a jirgin fito ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ɗaure igiya yana kwance igiya tsakanin tsibirai. Bai yi aure ba, ita ma ba ta yi ba; kowannensu ya ce ganin halin ɗan uwansa ne ya hana shi. Da ya bar aiki ya dawo gidan ubansu, ya karɓi girki. Miyar sha'ir da naman tunkiya yake yi kusan kullum, tana ci tana kushewa, kuma ba ta taɓa rage ko cokali ba. Haka suka tsufa, har shekarar da tari ya kama shi da kaka, sanyi ya wuce bai sake shi ba.

Wata rana da hantsi ta shigo ta cire takalmin roba, ya kira ta daga gado.

"Ke, Ishbel."

"Ina ji, Yaya."

"Kada ki bari su kai ni bakin kwalta. Ƙarar mota ta ishe ni tun ina da rai."

"To a kwalekwale za a kai ka tsibirin?"

"Kwalekwale kuma? Ni da na gama rayuwata ina kai wasu ina dawo da su? A kafaɗa, yadda aka kai Baba. Su Murdo su ji nauyina ko sau ɗaya."

"Ai sun daɗe suna jin nauyinka."

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta. Da ya samu numfashi ya ce, "Kuma ke za ki riƙe igiyar kai."

Ishbel ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. In za a sauke akwati a rami, baƙaƙen igiyoyi masu tuntu ake ɗaura masa, kowace da mai riƙe ta, in ya sauka a saki su bi shi. Ta wajen kai ta mafi kusa da mamaci ce, ɗa ko ɗan uwa. A Ardcalla mace ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba, balle ta riƙe.

"Ni mace ce, in ka manta."

"Duk ƙauyen nan sun manta, sai ni? Wa nake da shi in ba ke ba?"

Ta fita ta ɗora ruwan zafi, ta tsaya a gaban tukunyar har ta tafasa. A ranta ta riga ta amsa, kuma ta san ba don shi kaɗai ba ne. Sau biyu aka tsayar da ita a bakin ƙofa, tana so ta ga ƙasa ta rufe nata ko sau ɗaya.

Ya rasu a farkon bazara, lokacin da ciyawa ba ta fito ba tukuna amma itatuwa sun fara toho. Ta tafi gidan Murdo da kanta ta gaya masa abin da za a yi.

"'Yar Sorley," in ji shi, "a kai shi tsibiri, wannan na ji, za mu kai shi. Amma ki bi mu? Ba a taɓa yi ba."

"Shinge ma ba a taɓa yi ba, ga shi yana tsaye."

"Ai shi ne abin da nake tsoro. Duk abin da kika fara ba ya ƙarewa."

"Ku nawa kuka rage, Sarkin Tumaki? Kai da gwiwarka mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa? In ɗayanku ya zame, wa ya san inda katako ke da santsi?"

"Fasto ba zai so ba."

"Fasto baƙo ne. A garinsu mata har jawabi suke yi a bakin kabari."

Effie matar Murdo ta leƙo daga kicin da tsumma a hannu. "Maigida, ka bar ta ta je. Shayin ba zai gagare mu ba."

Murdo ya daɗe yana duban wutar murhu. "To. Amma a baya za ki tafi."

"A gaba zan tafi. Ni na san hanya."

Ana gobe jana'iza ta bi hanyar tun daga allo har bakin yashi. Ta taka kowane katako da ƙarfi ta ji ko yana motsi, ta ƙara ƙusa inda take shakka, ta sare wani reshe da ta ga zai taɓa kan dogon mutum, ta share wuraren hutu ta gyara zaman duwatsunsu. Ta duba lokacin janyewar ruwa ta sake dubawa. Ƙofar nan mai lungu ta shige ta da tafiya, ta shige ta da dawowa, har ta ɗiga wa maɗaurinta mai don kada ta yi ƙara. Abin da mutum yake ratsawa kullum ba ya ganinsa, ita ma ba ta gani ba. Murdo da sauran mazan, waɗanda suka sha bi ta nan, su ma ba wanda ya gani.

Ranar aka tashi da yayyafi. Mazan da suka rage a ƙauyen suka zo cikin kwat ɗinsu na coci, daidai adadin kafaɗun da akwati ke bukata, ba rarar ko ɗaya, mafi ƙuruciyarsu kuma ya riga ya yi furfura. Mata suka tsaya a bakin ƙofa. Ishbel ta ɗauko rigar ruwanta ta sa, ba wanda ya riƙe mata hannu. Ta shige gaba, fasto a bayanta, akwati a bayansa, igiyoyin a naɗe a kan murfi. Suka bi gefen filin kiwo a hankali. Tumakin Murdo, da yunwar ƙarshen sanyi a cikinsu, suka hango ubangidansu da mutane ɗauke da wani dogon abu na katako, suka ɗauka kwamin abinci ne, suka biyo baya a jere. Murdo ya yi musu tsawa ta gefen baki. Ba a zuwa jana'iza da kare, su ma sun lura ba ya nan.

Ishbel ta isa shinge, ta tura ƙofa, ta shiga lungu, ta mayar, ta fita, ta yi gaba abinta. Sai da ta ji ba takun kowa a bayanta ta juyo. Mazan suna tsaye a ɗaya gefen da Hector a kafaɗa, suna duban ƙofar, ƙofar da ko doguwar sanda sai an tsayar da ita take shiga. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin kunyar da ba ta taɓa ji ba.

Ruwa yana ta ɗiga a kan murfin akwati.

"A tsayar da shi mana, a shigar da shi a tsaye," in ji wani daga baya.

"Hector bai taɓa miƙewa don kowa ba yana da rai," in ji Murdo. "Ba yau za mu tilasta masa ba."

"Ta sama fa?"

"Kai da ba ka iya ɗaga hannu ka taje kanka? Rufa mana asiri."

"To mu koma a nemo kwalekwale."

"Ba a komawa," in ji mutum biyu tare.

Murdo ya gyara zaman akwatin a kafaɗarsa. "Da dai an bar mutanen nan sun sa faffaɗar ƙofarsu..."

"Na sani."

"Ai ban ce komai ba."

"Ka ce."

Ta san abin da ruwan teku yake yi a wannan lokacin ko ba ta gani ba. Ya gama janyewa, ya kusa juyowa, kuma akwai sauran tafiya. Mazan ba za su iya ajiye akwatin a nan ba, ba wurin hutu ba ne, kafaɗunsu kuwa sun fara rawa. Ta dawo ta ƙofar, ta sa hannu a aljihu ta ciro filaya, ta kama wayar gefen turke ta fara yanka daga ƙasa, ta taka turken ta gama da na sama. Ita ce ta ja wayar nan da hannunta har ta yi tauri kamar tsirkiya, don haka da ta yanke ta ƙarshe shingen ya fizge ya naɗe gefe guda, ya bar gibin da mota za ta shige.

Aka wuce da Hector. Tumaki suka taho su ma.

Ishbel ta tsaya a tsakiyar gibin ta ware hannuwa, suka ja da baya kaɗan suka tsaya. Wata tsohuwar tunkiya mai karyayyen ƙaho tana gaba, idonta a kan koren tohon da ke bayan Ishbel. Kowa a wurin ya san abin da garke mai yunwa zai yi wa 'yan itatuwan nan kafin a je tsibiri a dawo, kuma in suka watsu a cikin kurmi sai an yi kwanaki ana farautarsu suna ci.

Mazan suka tsaya da akwati a cikin shinge. Murdo ya juyo da kai iyakar yadda kaya ya bar shi.

"Zo ki karɓe ni," in ji shi. "Tumakina ne. Ni zan tsaya."

Ta dube shi. Shi ne mutumin da ya ce ba a taɓa yi ba. Ta dubi kafaɗarsa, can sama, ta dubi tata, wadda ba ta wuce haƙarƙarinsa ba.

"So kake Yaya ya zame ya faɗa fadama? Ka ga inda kafaɗata take."

"To ki bar su su ci, Ishbel. Itace ne. Wani zai fito."

Wannan ne karo na farko tun suna makaranta da ya kira sunanta. Ta waiga ta dubi 'yan itatuwan, jiƙe da ruwa, kowanne da 'yan ganyensa da bai gama buɗewa ba. Ta san ranar da ta fara ganin yawancinsu. Ta dubi akwatin, da baƙaƙen igiyoyin a kansa. Ta so ta bi shi, har ta ɗaga ƙafa ma. Tsohuwar tunkiyar ta matso taku ɗaya.

"Ku tafi," in ji ta. "Ruwa ba zai jira ku ba. Ku bi hagu a gadar katako, dama ta fi santsi."

Suka tafi. Ta tsaya tana kallo har baƙaƙen kwat suka shige cikin itatuwa.

Daga wurin ba a ganin teku, ba a jin komai sai ruwa a kan ganye da tauna. Amma hanyar tana cikin kanta. Ta san lokacin da suka hau gadar katako, da lokacin da suka kai wurin hutu suka sauke shi, suka miƙe baya, kwalba ta zagaya, kowa ya ɗora dutsensa. Ta san lokacin da suka fita daga inuwa suka taka yashi. Daga nan saninta ya ƙare, don abin da ake yi a gaba ba ta taɓa gani ba. Ta yi kuka a tsaye, hannuwa a ware, ba halin share fuska. In tunkiya ta matso ta zage ta da tsohon harshen kakanninta, zagin da ba ta san ta iya ba. Tumakin suka yi ta kallonta suna tauna, wasu suka kwanta.

Rana ta karkata kafin mazan su dawo, wandunansu jiƙe har gwiwa, don ruwa ya kusa tare su. Murdo ne a gaba. Ya tsaya a gabanta, ya sa hannu a aljihun kwat, ya ciro baƙar igiya mai tuntu, a naɗe.

"Ba wanda ya riƙe," in ji shi. "Da sauran muka sauke shi. Kan ya ɗan karkata, amma dama haka yake."

Ta karɓa. Hannunta ya sandare, da ƙyar yatsun suka rufe.

"Kusa da Inna?"

"Kusa da ita. Ƙasar ba ta jiƙe sosai ba."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Ba ni igiyar ɗaurin ciyawa in tare gibin nan kafin gobe." Murdo, wanda ba a taɓa ganin aljihunsa ba igiya ba, ya lalube dama, ya lalube hagu, ya lalube na ciki. Kwat ɗin coci ne, Effie ta wanke ta goge. Sauran mazan ma suka lalube, ba abin da ya fito sai hankici da alewar tari.

Ishbel ta dubi abin da ke hannunta. Ta ce su jawo mata wayar. Tsofaffin nan suka kama suka ja da sauran ƙarfinsu har bakin ya taɓa turke, ita kuma ta warware igiyar ta zura ta a idon waya, ta zagaya turke, ta sake zurawa, tun daga ƙasa har inda ta ƙare, ta ƙulle da irin ƙullin da Hector ya koya mata na ɗaure jirgi. Sannan suka wuce gida, inda mata suka ɗumama shayi har ya yi baƙi.

Washegari ta dawo da sabuwar waya ta ɗinke shingen yadda ya kamata. Kafin kaka ta sa aka kafa faffaɗar ƙofa wadda akwatin mamaci zai shige a gefen ƙaramar, da kwaɗo, mabuɗin kuma yana rataye a bayan ƙofar gidanta. Murdo ya tambaye ta don wa aka yi ta, ta ce zai gani in ya yi haƙuri. Igiyar ba ta kwance ta ba. Tana nan a jikin turken, gansakuka ta mai da ita kore, tuntun ya zube. Itatuwan da ke bayanta sun wuce kan Ishbel yanzu, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne. Baƙi kan ga igiyar su ɗauka alamar hanya ce. Wani lokaci ɗayansu yakan tambaya ta mece ce, Ishbel ta ce ta ɗaurin shinge ce, ta ci gaba da kankare katako.